Gane Bakteriya da Na'urar MALDI-TOF: Jagora ga Mai Bincike a Maraɗi

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta ya san jiran nan. An shuka jini ko fitsari, bakteriya ta tsiro a faranti, amma kafin a ce ga sunanta sai an ƙara kwana ɗaya ko biyu ana sauraron ƴan ramukan API, zirin gwajin gane bakteriya da sinadarai, su sauya launi. Likita yana ta aikowa a ji labari, yaro kuma yana kwance ana ba shi maganin da ake kyautata zaton shi ne daidai. Na'urar MALDI-TOF ta mayar da wannan jira ƴan mintoci. Na rubuta wannan jagora ne saboda ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ma'aikatan labo na jihar Maraɗi waɗanda bincike zai kai su gaban na'urar, ko su je da ƙafarsu ko samfurinsu ya je a madadinsu. Abin da nake so ya zauna maka tun yanzu, ɗan'uwa, shi ne na'urar ba ta gyara samfurin da aka ɓata. Mafi yawan abin da ke sa suna ya fito daidai a kan tebur ake yin sa, da hannu, kafin a taɓa kwamfuta.

Abin da ke faruwa a cikin na'urar

Awon nauyi take yi. Ana shafa bakteriya a kan wani faifan ƙarfe, a rufe ta da sinadarin da ake kira matiris, a bari ya bushe ya zama ɓarɓashi kamar na gishiri. Hasken leza ya bugi wurin, matiris ya sha zafin, ya tashi sama ya ɗauko furotin ɗin bakteriyar ba tare da ya farfasa su ba, kowanne ɗauke da cajin lantarki. Ƙarfin wuta na kusan bolt 20,000 ya ingiza su cikin wani bututu da aka zuƙe iskarsa ƙarƙaf. Marasa nauyi su riga isa ƙarshen bututun, masu nauyi su biyo baya, kuma daga lokacin isowar kowanne ake lissafa nauyinsa. Abin da ke fitowa a allo zane ne mai tsini-tsini, tsakanin dalton 2,000 da 20,000, dalton kuwa shi ne ma'aunin nauyin furotin. Yawancin waɗannan tsinin furotin ɗin ribozom ne, wato sashen ƙwaya da ke ƙera furotin, waɗanda suke da yawa a cikin kowace ƙwaya kuma ba su cika sauyawa ba, shi ya sa kowane nau'in bakteriya yake da zanensa. Kwamfuta ta gwada zanen da waɗanda ke cikin rumbun bayananta, ta faɗi wanda ya fi kama.

Franz Hillenkamp da Michael Karas a Jamus ne suka raɗa wa dabarar suna a 1985, Koichi Tanaka na Japan kuma ya samu rabo a kyautar Nobel ta 2002 saboda aikinsa kan tayar da manyan furotin da leza. A 1996 aka nuna cewa za a iya ɗora bakteriya ɗungurungum a sami zane. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da manyan na'urori biyu a 2013: VITEK MS ta kamfanin bioMérieux da MALDI Biotyper ta Bruker. Adadin da zan kawo a nan na tsarin Bruker ne, inda VITEK ta bambanta zan faɗa.

Matakin farko: koloni ɗaya, sabo, tsarkakakke

Ka ɗauki koloni, wato ɗigon bakteriyar da ya tsiro, wanda ya yi awa 18 zuwa 24 a etub, akwatin ɗumi na reno, a digiri 35 zuwa 37, wanda ya ware shi kaɗai a faranti. In ka ga iri biyu sun haɗu, ko kana kokwanto, sake shuka shi ka jira gobe. Na san kwana ɗaya yana da tsada ga mai gaggawa, amma cakuɗaɗɗen samfuri ko dai ya ƙi ba da suna, ko ya ba da sunan wadda ta fi yawa ya ɓoye ɗayar, kuma wannan na biyun ya fi haɗari don ba za ka ga alamar komai ba.

Tsohon koloni furotin ɗinsa sun fara lalacewa, tsinin zanensa sai su dushe. Farantin da aka ajiye a firiji shi ma yakan ba da zane mara kyau, don haka in ka fitar da faranti daga etub kuma aikin na yau ne, bar shi a kan tebur a rufe. Jeloz, wato daskararren abincin da ake shuka bakteriya a kai, mai jini ko mai launin cakulan sun fi ba da sakamako mai tsabta. Ana iya ɗauka daga jeloz ɗin MacConkey, amma abin da ya tsiro a kan jeloz masu tsananin tacewa irin su TCBS ko Hektoen, na fi son a sake shuka shi a kan jeloz mara tacewa tukuna.

Mataki na biyu: Gram kafin komai

Kada zuwan na'ura ya sa a jingine madubin gani. Launin Gram, wato rinin da ke raba bakteriya gida biyu, pozitif da negatif, da gwajin katalaz da oksidaz, ba su cin minti goma, kuma su ne ma'aunin da za ka auna amsar na'ura da shi daga baya. In madubi ya nuna sanduna Gram negatif, na'ura ta ce Staphylococcus aureus, ka san an samu musayar gurbi ko gurɓata.

Akwai dalili na biyu, kuma shi ne ya fi damuna. Ƙasarmu ta kiwo ce, daga Dakoro har kasuwannin dabbobi na kudu mutane suna tare da bisashe, suna shan nono ɗanye, suna fiɗa. Brucella, mai sa dabbobi ɓari kuma ta kama mutum da zazzaɓi mai daɗewa, tana cikin cututtukan da suka fi kama ma'aikatan labo a duniya. In kwalbar jini ta yi jinkirin tsiro, ka ga ƙananan kokobasil, wato gajerun sanduna, Gram negatif siriri kamar ba su sha launi ba, dakata. Haka in ka ga manyan sanduna Gram pozitif jere da juna, koloni mai kauri da bai narkar da jini ba, daga wanda ya taɓa mushen dabba: ka tuna da Bacillus anthracis, mai kawo ciwon saifa. Irin waɗannan ba a shafa su kai tsaye a faifai a buɗaɗɗen tebur. Matiris ba ya kashe kowace ƙwaya, kuma wasu rumbunan bayanai ba su da waɗannan sunaye a cikinsu sam, sai su ba ka sunan ƴar'uwarta mafi kusa. An sha ganin Brucella ta fito da sunan Ochrobactrum, anthracis kuma da sunan Bacillus cereus. Rufe farantin, sanar da shugaban labo, a bi hanyar ɗakin gwaji na ƙasa.

Mataki na uku: haɗa matiris

Sinadarin da ake amfani da shi ga bakteriya shi ne HCCA. Ana narkar da shi a ruwan haɗi mai asetonitiril kashi 50 cikin 100, tsarkakakken ruwa kashi 47.5, da asid TFA kashi 2.5, har ya kai miligiram 10 a kowace mililita. Ƙaramin bututun Bruker yana zuwa da miligiram 2.5, a zuba masa mikrolita 250 na ruwan haɗin, a girgiza har garin ya narke sarai. Ɗaga shi ga haske ka duba, in akwai sauran ɗigon rawaya a ƙasa ci gaba da girgizawa. Bayan an narkar, mako guda yake yi, a wuri mai duhu, a zafin ɗaki. Rubuta ranar haɗawa a jikin bututun.

A nan yanayinmu yake shigowa. Asetonitiril yana tashi da sauri, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bututun da aka bari a buɗe minti biyu ya riga ya sauya kauri. Buɗe, ɗiba, rufe. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: faifan da aka bari yana bushewa kusa da taga zai kwashi abin da iska ta ɗauko. A rufe tagogi, a kashe fanka mai hurawa kan tebur, a kifa murfin babban faranti a bisa faifan da ɗan sarari don iska ta ratsa. TFA da asid fomik suna ƙona fata da ido, sai da safar hannu da tabarau, a ƙarƙashin murfin zuƙe tururi.

Mataki na huɗu: shafawa

Faifan Bruker yana da gurabe 96, na VITEK MS kuma 48. Kafin ka taɓa koloni, zana taswirar faifan a takarda, ka rubuta lambar kowane samfuri a gurbinsa: A1, A2, har ƙarshe. Bayan matiris ya bushe duk gurabe kama ɗaya suke, ba mai iya tuna wanne ne na wa.

Da tsinken sakace mai tsabta ko ɗan madauki na roba, taɓa saman kolonin kawai. Abin da ake buƙata bai wuce abin da ke hawa kan tsinken kwalli ba. Kada ka caka har cikin jeloz, don gishiri da furotin ɗinta suna danne na bakteriyar. Murza shi a cikin da'irar gurbin a hankali, har ya zama wani siririn dusu-dusu da sai ka karkata faifan ga haske za ka gan shi. Masu koyo kusan duka yawa suke sakawa, suna ganin in an cika za a fi samun amsa. Akasin haka ne: gurbi mai tudu matiris ba ya ratsa shi, zanen ya fito da hayaniya. Dabarar da nake ba kowa ita ce gurbi biyu ga kowane samfuri. Shafa na farko, sa'an nan ba tare da ka koma faranti ba ka shafa na biyu da abin da ya rage a tsinken. Sau da yawa na biyun ne ke ba da maki mafi kyau. Koloni mai yauƙi, irin na Klebsiella, ka share yauƙin saman da wani tsinke ka ɗauko daga ƙasa.

Ɗiga mikrolita 1 na matiris a kan kowane gurbi, kana sauya bakin pipet kowane lokaci, kuma kada bakin ya taɓa samfurin. Kada a wuce rabin awa tsakanin bushewar samfuri da zuba matiris. Bari ya bushe da kansa. Gurbi mai kyau yakan fito da fari-fari mai ɗan rawaya, shimfiɗe daidai har gefen da'ira. In ɗigo biyu suka malala suka haɗu, gurabe biyun sun tashi aiki. Faifai mai danshi ba ya shiga na'ura.

Mataki na biyar: in bangon ƙwayar ya yi tauri

Yawancin Gram negatif, su E. coli da Klebsiella da Pseudomonas, shafa kai tsaye ta ishe su. Gram pozitif da yis irin su Candida bangonsu ya fi kauri. Ga su, bayan shafawa a ɗiga mikrolita 1 na asid fomik mai kashi 70 cikin 100, a bari ya bushe, sa'an nan matiris. Tsarin VITEK yana da nasa asid fomik da aka riga aka haɗa don yis.

In wannan bai yi ba, sai cikakkiyar tatsa a bututu. Zuba mikrolita 300 na tsarkakakken ruwa a bututun Eppendorf, dama koloni ɗaya zuwa kaɗan a ciki har ruwan ya yi gauraye, ƙara mikrolita 900 na etanol zalla, girgiza. Juya a santirifij minti 2 a gudun juyi 13,000 a minti, zubar da ruwan sama, sake juyawa ka tsotse ragowar da pipet, ka bar gutsurin ƙasa ya sha iska ƴan mintoci. Ragowar etanol tana ɓata tatsar, kada ka yi gaggawa a nan. Zuba asid fomik mikrolita 25 zuwa 50 gwargwadon girman gutsurin, dama sosai, ƙara asetonitiril daidai wannan adadin, sake juyawa minti 2. Ruwan sama shi ne abin nema: mikrolita 1 a gurbi, ya bushe, matiris a kai. Bakteriyar tarin fuka da danginta suna da tasu hanya daban, mai dafawa da niƙa da ƙananan duwatsun gilashi, ba a yi musu wannan.

In na'urar tana wani gari

Tsakanin Maraɗi da Yamai ya fi kilomita 600, wani samfurin ma har ƙetare zai je. Matakin ruwa da etanol ɗin nan yana da amfani na biyu: bakteriya a cikin etanol mai kusan kashi 75 furotin ɗinta suna tsayawa, kuma yawancin waɗanda ba su yin sifo, wato ƙwaya mai taurin ɓawo da ke jure wahala, sun mutu. Ana iya tsayawa a nan, a rufe bututun da kyau, a naɗe bakinsa da Parafilm, a ajiye cikin sanyi, a ƙarasa tatsar a can. Yi magana da labon da zai karɓa tun kafin ka fara tarawa, su faɗa maka yadda suke son samfurin ya iso.

Amma ka bar rayayyen kwafi a gida. Kowace bakteriya a dama ta a romon shuka mai gilisarol kashi 15 zuwa 20, bututu biyu, a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili in akwai. Mai digiri 20 ƙasa da sifili tana riƙewa na ɗan lokaci, sai dai kowace ɗaukewar wuta da ta sa abin ya narke ya sake daskarewa tana rage masu rai. Enterobakteriya, dangin su E. coli da Klebsiella, suna jure wata da watanni a cake cikin bututun jeloz a wuri mai sanyi da duhu. Pneumokok da meningokok, masu kawo ciwon huhu da sanƙarau, ba su da wannan juriya, su ake fara daskarewa. Lakabi da alƙalamin da etanol ba ya gogewa, lamba kawai, ba sunan mara lafiya ba.

Rayayyen samfuri yana tafiya ne cikin marufi uku: bututu, kwano mai hana yoyo da abin tsotse ruwa, sa'an nan kwali, da alamar UN3373. Shukar Brucella, anthracis, da Shigella dysenteriae nau'i na 1 suna rukunin da ya fi tsanani, UN2814. Kafin samfurin mutum ya bar ƙasa ana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'a na ƙasa da rubutacciyar yarjejeniyar miƙa samfuri. Ka tsaya a rubuta a cikinta cewa za a dawo maka da ainihin zanukan, ba jerin sunaye kaɗai ba. Bakteriyar yaranmu ce, aikin hannunka ne, kuma da zanukan ne za ka iya sake duba komai bayan shekaru.

Mataki na shida: saiti da shaidu

Kowane faifai yana ɗauke da gurbin saiti. A Bruker ana amfani da BTS, tatsar E. coli da aka ƙara wa furotin biyu don ta rufe dukan faɗin awon. A VITEK MS sabon kolonin E. coli ATCC 8739 ake shafawa a gurbin tsakiya. In saiti ya faɗi, babu sakamakon da za a karɓa daga wannan faifan. Ƙara gurbi ɗaya na matiris zalla. In ya ba da suna, faifan bai wanku ba ko matiris ya gurɓata. Faifan ƙarfe ana wanke shi da etanol mai kashi 70 na minti 5, a ɗauraye, a goge da TFA mai kashi 80, a sake ɗaurayewa da tsarkakakken ruwa, a bari ya bushe sarai. Na'urar kanta tana son ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa, don famfon zuƙe iska ba a son ya tsaya. Batirin riƙe wuta da kwangilar gyara suna cikin kuɗin na'urar, duk mai shirin sayo ta ya lissafa da su tun farko.

Mataki na bakwai: karanta maki da hankali

Biotyper yana ba da maki daga 0 zuwa 3. Daga 2.0 zuwa sama amsa ce mai ƙarfi har matakin nau'i. Tsakanin 1.7 da 1.99 a tsaya ga sunan dangi, a sake gwadawa da asid fomik. Ƙasa da 1.7 babu amsa. VITEK MS kashi cikin ɗari take bayarwa, har 99.9. Kada ka tsaya a layin farko. Duba sunaye goma da ke biye: in na ɗaya da na biyu nau'i daban ne kuma makinsu ya yi kusa, ba ka da amsa tukuna. Duba ko gurabe biyun sun yarda da juna, ko sun yarda da Gram, ko kuma sunan ya dace da inda aka ɗauko samfurin.

Yanzu ga inda maki mai kyau ke iya yaudara, kuma abin takaici wuraren sun faɗo daidai kan cututtukan da suka fi damun mu.

Shigella da E. coli kusan abu ɗaya ne a idon na'ura. Yaro mai atuni, koloni mara cin laktoz, na'ura ta ce E. coli da maki 2.3: koma ga gwajin motsi, lizin, da maganin jini na tantance nau'i, ko PCR, gwajin gano DNA, na ƙwayar halittar ipaH, kana sane cewa E. coli mai kutsa hanji ita ma tana ɗauke da ita. Salmonella za ta fito da sunan dangi kawai. Ko Typhi ce mai kawo taifot ko wata daga cikin waɗanda ke shiga jinin yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro, sai gwajin serotip ya raba. Streptococcus pneumoniae tana rikicewa da S. mitis da S. oralis, don haka faifan optocin da gwajin narkewa a ruwan matsarmama ba su yi ritaya ba. Ga sanƙarau, na'ura za ta iya cewa Neisseria meningitidis, amma ba ta faɗin rukuni, alhali rukunin ne ke nuna rigakafin da za a kawo. Bayan zuwan MenAfriVac a 2010 rukunin A ya ja baya, annobar 2015 a Nijar kuma rukunin C ne ya kawo ta. Wannan aikin PCR ne, irin wanda cibiyar CERMES ta Yamai take yi a kan ruwan ƙashin baya. Haka kwalara, wadda ta addabi jiharmu a 2018 da 2021: ko da sunan Vibrio cholerae ya fito, sai an tabbatar O1 ce ko O139, kuma tana ɗauke da ƙwayar halittar dafi ta ctxA. Tambayi masu na'urar ko wannan sunan yana cikin rumbunsu, don ba kowane rumbu ke da shi ba.

Sai babbar magana: suna ba antibiyogram ba ne, wato gwajin da ke nuna maganin da bakteriya ke ji. Wani bincike da aka yi a Maraɗi aka buga a 2011 ya gano cewa kashi 31 cikin 100 na yara masu tamowa mai tsanani da aka kwantar suna ɗauke da bakteriyar hanji mai ESBL, sinadarin da ke lalata magunguna irin su seftiriyakzon, tun ranar shigarsu, kuma irin ESBL da ake kira CTX-M-15 ne ya fi yawa. E. coli mai jin seftiriyakzon da wadda ba ta jin sa suna ɗaya za su fito da shi, da maki ɗaya. Ranar da ka shafa faifai, ranar za ka shimfiɗa bakteriyar a kan jeloz ɗin Mueller-Hinton ka jera faya-fayan magani. Akwai dabarar da ake haɗa bakteriya da maganin karbapenem na ƴan awoyi a duba ko nauyin maganin ya sauya, alamar an farfasa shi, amma wannan gwaji ne daban mai nasa shaidu.

In an yi cikakkiyar tatsa, zane ya fito da tsini masu kyau, amma suna ya ƙi fitowa, kada ka jefar da bututun. Rumbunan nan an fi cika su da bakteriyar asibitocin Turai da Amurka, abin da ka ɗauko daga ruwan rijiya a Madarunfa, ko nono, ko ƙasar gona a bakin Gulbi, yana iya zama baƙo a gare su. Fitar da DNA daga rayayyen kwafin da ka ajiye, a karanta jerin 16S rRNA, sashen DNA da ake gane nau'in bakteriya da shi. Kamanni na kusan kashi 98.7 zuwa sama da wani sanannen nau'i yakan nuna shi ne ko na kusa da shi ƙwarai, ƙasa da haka sai a karanta dukan jinom, wato DNA ɗinta gaba ɗaya. In an tabbatar da sunan, a sake tatsa, a ɗiga gurabe 8, a auna kowanne sau 3, a zubar da zanukan da suka kauce, a haɗa aƙalla 20 masu kyau su zama zanen shaida a rumbun bincike na gida. A rubuta tare da shi jeloz ɗin da aka shuka a kai, awoyin da ya yi a etub, hanyar tatsa, da lambar jerin DNA ɗin.